In An Haɗe Ƙauyuka, Ina Sunan Namu Zai Shiga?

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa Rufa'a, ko Hasahisa, ko Sinja don neman wata takarda a ofishin hukuma, ya san irin taron da akan tarar a bakin ƙofa tun kafin ma'aikata su iso. Ga dattijo da takardunsa a naɗe cikin leda, ga uwa mai neman takardar haihuwar ɗanta don a karɓe shi a makaranta, ga saurayi mai son shaidar zama don ya nemi lambar ɗan ƙasa. Kowa da abin da ya kawo shi, amma tambayar farko da za a yi musu iri ɗaya ce: daga wane ƙauye? In ka faɗi sunan ƙauyenku aka duba aka same shi a littafi, to rabin wahalarka ta ƙare. In kuwa ba a same shi ba, sai a ce ka koma ka samo hatimin lajnar ƙauyen da aka jingina ku da shi, ƙauyen da watakila ba ka taɓa kwana a cikinsa ba, mutanensa kuma ba su san sunan mahaifinka ba.

Wannan 'yar tambaya ita ta sa muka ɗauko zancen haɗe ƙauyuka a wannan wata. Tarihi ya nuna cewa duk lokacin da Sudan ta sake gwamnati ko ta fito daga wata fitina, sai an taɓa tsarin ƙananan hukumomi. An yi haka a 1951, an yi a 1971, an yi a shekarun 1990, an kuma yi a 2003. Tunda yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu 2023 ya faru a gaban idonmu, ya kuma rusa makarantu da asibitoci da rijiyoyi a Jazira da Sinnar, mai hankali zai sa ran cewa ranar da aka zo gyara za a sake tattara ƙauyuka, a ce waɗannan huɗu ko biyar su zama abu guda, da lajna guda, da makaranta guda. To, ranar nan ina za a sa mu?

Yadda ƙauyukanmu suka kafu

Hanyar hajji ce ta fara kawo kakanninmu. Tun zamani mai nisa mutanen Kano da Katsina da Sakkwato da Borno da Damagaram suke ratsa Wadai da Darfur da Kurdufan a ƙafa, suna nufin Sawakin don su tsallaka zuwa Jidda. Tafiyar kan ci shekaru. Mutum ya tsaya nan ya yi noma, ya tsaya can ya yi ƙwadago ya tara guzuri, wani ya sauke farali ya zauna a hanyar komawa, wani kuma ya haifi 'ya'ya da jikoki bai kai ga ganin teku ba.

Babbar ƙaura ta zo bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita hijira da jama'a mai yawa, ya yi shahada a Burmi ran 27 ga Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'ar ya yi gabas da su, har wajen 1906 suka sauka a bakin Nil Azraƙ kusa da Shehu Talha, kudu da Sinnar. Garin da suka kafa shi ne ya ɗauki sunansa, Maiwurno. In an lura, Maiwurno kansa haɗin gambiza ne na mutane daga garuruwa dabam-dabam, Fulani da Hausawa da wasunsu, waɗanda suka taru ƙarƙashin shugaba ɗaya. Abin da ya tsare garin shi ne gwamnatin lokacin ta san da zaman shugabansa, ta yarda da shi, sunan garin kuma ya shiga littattafanta tun farko. Daga nan ne wasu ƙauyukan suka yi ta tsirowa a bakin kogin.

Sai kuma zamanin auduga. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe Mashru'in Jazira, aka shiga neman hannuwan da za su yi shuka da cira da tsinkar auduga. Daga ƙarshen shekarun 1950 aka ƙara da Manaƙil, har faɗin mashru'in ya haura faddan miliyan 2. A 1962 aka buɗe masana'antar sukari ta Junaid a gabashin kogi, arewa da Rufa'a, a ƙarshen shekarun 1970 kuma aka buɗe Mashru'in Rahad. Kowane ɗaya daga cikinsu ya jawo ma'aikata, kuma namu suna ciki.

Saboda haka zamanmu a wannan yanki iri uku ne. Akwai tsofaffin ƙauyuka na bakin kogi, masu shehunsu da masallacinsu da maƙabartarsu, inda ake su da noman jarfi. Akwai unguwanninmu da ke jikin garuruwan maƙwabta. Akwai kuma kambo, wato zangon ma'aikatan gona da aka kafa a gefen tur'a, inda namu suke zaune tare da mutanen Darfur da sauransu. Idan aka zo haɗe ƙauyuka, waɗannan ukun ba rabo ɗaya suke samu ba.

Akwai kuma maganar jinsiyya, wadda dattawa ba su manta ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa suna Sudan tun ran 31 ga Disamba 1897. Jama'ar Mai Wurno kuwa a 1906 suka iso. Daga baya dokar 1994 ta mai da ma'aunin zuwa ran 1 ga Janairu 1956. A tsakanin waɗannan shekaru an yi zuriya guda da ta tashi tana tsoron ƙofar ofis, kuma wannan tsoro yana cikin dalilan da suka sa ƙauyuka da yawa ba su nemi a rubuta su ba.

Dokokin da suka yi ta sake iyaka

A zamanin Turawa, tun daga shekarun 1920, mulkin karkara yana hannun Idara Ahliyya, wato nazir a sama, umda a tsakiya, shehun ƙauye a ƙasa. A yankin Rufa'a gidan Abu Sin na Shukuriyya ke riƙe da nazirci. Shehun ƙauyen Hausawa kan tara haraji ya miƙa wa umda, ya sasanta rigimar cikin gida, amma ƙasa ba a hannunsa take ba.

A 1949 wani Bature mai suna Marshall ya rubuta rahoto a kan ƙananan hukumomi, wanda ya haifi dokar 1951 da ta kafa majalisun birane da na karkara. Bayan shekara ashirin, a zamanin Numairi, aka kawo Dokar Mulkin Jama'a ta 1971, wadda Dokta Ja'afar Muhammad Ali Bahit ya tsara. Ita ce ta rushe sarautun nazir da umda a yawancin ƙasar, ta kafa dubban ƙananan majalisu na ƙauyuka da unguwanni da kasuwanni, ta kuma keɓe wa mata kashi ɗaya bisa huɗu na kujeru. Shekara ɗaya kafin wannan, a 1970, an yi wata doka da ta fi duk waɗannan taɓa talaka, wato Dokar Ƙasar da Ba a Yi wa Rajista Ba. Ta ce duk filin da ba shi da rajista ya zama na gwamnati. An soke ta a 1984, amma dokar da ta maye gurbinta ta riƙe wannan ƙa'ida. Ma'anarsa, ƙauyen da ya shekara saba'in a wuri ba tare da takarda ba, a idon doka yana zaune ne a filin gwamnati.

Bayan 1989 aka kafa lajna sha'abiyya a kowane ƙauye da unguwa, hatiminta ya zama mabuɗin komai, daga rabon sukari har shaidar zama. A 1991 aka raba ƙasar jihohi 9, a 1994 aka mai da su 26. A lokacin ne aka tsaga Jihar Tsakiya ta zama Jazira da Sinnar da Nil Abyad da Nil Azraƙ, sai ga 'yan'uwan da ke Maiwurno da na gabashin Jazira da na Rusairis sun wayi gari a jihohi uku. A shekarun nan aka ƙirƙiro ɗaruruwan ƙananan mahalliyyoyi, da yawansu ko albashin malaman makaranta ba sa iya biya. Dokar 2003 ta zo ta haɗe su, ta mai da su manyan mahalliyyoyi ƙarƙashin mu'utamad, tsofaffin kuma suka koma wahda idariyya. Rufa'a ta zama hedkwatar mahalliyyar Gabashin Jazira. Bayan juyin 2019 aka rushe lajnonin sha'abiyya, aka kafa lajnonin canji da hidima a madadinsu.

Duk wannan jeka-ka-dawo darasi ɗaya yake koyarwa. Sunan hukuma yana sakewa, iyakarta tana sakewa, amma kowace sabuwar hukuma daga littafin tsohuwar take kwafe jerin ƙauyukanta. Wanda ba ya cikin littafin 1971 da wuya ya tsinci kansa a na 2003.

Amfanin haɗewa

Kada mai karatu ya ɗauka muna kushe haɗin kai. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma maganar gaskiya ce a nan. Ƙauye mai gida ɗari ba zai iya haƙa rijiyar burtsatse, ya sayi injin, ya ɗora sahriji, ya riƙa sayen man da zai tashe shi ko ya sa masa faifan hasken rana shi kaɗai ba. Gwamnati ba ta tura mataimakin likita da ungozoma shafahanar da mutum biyar ke zuwa a yini. Ma'aikatar ilmi ba ta buɗe aji ga yara goma sha biyu. Amma ƙauyuka huɗu in suka haɗu sai a sami yawan da zai sa a saurare su. Kuɗin kasuwa da na awa'id da harajin dabbobi, waɗanda in an rarraba su ba sa tsinana komai, in an tara su wuri ɗaya suna iya gyara gada ko su gina aji biyu.

Akwai kuma amfanin da ba a auna shi da kuɗi. Yaron Bahaushe da na Bashukure da na Bafulatani in suka zauna kan benci ɗaya shekara shida, da wuya wani ya zo daga baya ya ce musu ɗayansu baƙo ne. 'Ya'ya mata su suka fi cin moriya, domin iyaye da yawa suna hana su tafiya makarantar da ke nesa, amma za su bar su in tana tsakiyar ƙauyuka, kuma da abokan tafiya.

Inda gizo ke saƙa

Matsalar tana ɓuya ne a cikin ƙananan abubuwan da ake yankewa ranar zaman farko. Bari mu buga misali da lissafi. A ce ga wurare huɗu da za a haɗe: babban ƙauye mai mutum 4,000, na biyu mai 2,500, ƙauyen Hausawa na bakin kogi mai 1,500, da kambo mai 1,000. Jimla mutum 9,000 ke nan. A ce lajnar tana da kujera 9. In aka raba bisa yawan jama'ar kowane wuri, ƙauyen bakin kogi zai sami kujera ɗaya ko biyu, kambo ya sami ɗaya. In kuwa aka ce a taru a fili ɗaya a ɗaga hannu, manyan ƙauyukan nan biyu masu mutum 6,500 za su iya kwashe kujerun tara duka ba tare da sun karya wata doka ba. In kuma aka ce kambo ba ƙauye ba ne, to mutum dubu sun fita daga lissafi tun kafin a fara, ko da yake za a riƙa karɓar kuɗi a hannunsu.

Abu na biyu shi ne mazauni. Duk inda aka ajiye ofis, nan za a kai sahriji, nan za a gina makaranta, nan kasuwa za ta koma. Ƙauyen da ke ƙarshen iyaka zai ga an ɗauki sunansa an nemo aiki da shi, aikin kuma ya tsaya a wani wuri. A ƙasar Jazira mai laka, nisan kilomita uku a lokacin damina ya isa ya hana mai naƙuda isa shafahana.

Na uku shi ne suna. In sabuwar hukuma ta ɗauki sunan babban ƙauye, takardun haihuwa da na makaranta duk da shi za a riƙa rubuta su. Bayan shekara talatin, jikan da ya tashi neman hujjar cewa kakansa ya zauna a wurin tun kafin 1956 zai tarar sunan ƙauyensu ya ɓace daga takarda. Ga jama'ar da aka daɗe ana tambayarsu yaushe suka zo, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, shi ne ƙasa. Haɗewa kan zo tare da masu awo da sabon tsarin filaye. Ranar ne ake yanke wa wane fili za a ba takarda, wane za a ce hanya ce, wane za a keɓe don gwanjo. Jarfin da iyali suka gāda suna nomawa ba da takarda ba, in ba a tashi tsaye ba, yana iya shiga cikin filin da aka ce na kowa ne.

Mutanen kambo su suka fi kowa sanin wannan. Yawancin kanabi suna kan filin mashru'i ne ko gefen hawashar wani, don haka ba a ɗauke su ƙauyuka ba, kuma shekara da shekaru da yawansu daga tur'a suke shan ruwa. Ƙungiyar da ke magana da yawunsu, Mu'utamar Kanabi, ta ce yawansu ya haura 2,000. Yarjejeniyar Juba ta watan Oktoba 2020 ta ambaci matsalar gidajensu da hidimominsu, sai dai juyin mulkin 2021 da yaƙin 2023 suka sha gabanta. Yaƙin kuma bai bar kowa ba. Dakarun Da'ama sun shiga Wad Madani a watan Disamba 2023, a watan Oktoba 2024 kuma garuruwan gabashin Jazira irin su Tambul da Rufa'a da Hilaliyya suka ga tashin hankalin da ya kori dubban iyalai. A watan Janairu 2025, lokacin da sojoji suka koma Wad Madani, aka kai hari Kambo Tayyiba a yankin Ummul Ƙura, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe aƙalla mutum 26. Mai hawasha da ɗan kambo duka sun yi kuka. Amma ranar rabon taimako da gyara, wanda ke cikin littafi shi ake fara kira.

Darasin Rusairis

In ana neman wurin da aka haɗe ƙauyuka da gaske a ƙasar nan, a dubi Rusairis. An gama madatsar a 1966, sannan aka ƙara mata tsawon mita 10, aka buɗe aikin a watan Janairu 2013. Ruwan da ya ƙaru ya ci ƙauyukan bakin tafki, aka kwashe iyalai wajen dubu ashirin aka zuba su a sababbin garuruwa 12 da aka gina musu. Garuruwan ba a ba su suna ba, lamba aka ba su: Madina Ɗaya, Madina Biyu, haka har zuwa sha biyu. An yi gidaje a jere, an yi makarantu da masallatai. Ƙabilu dabam-dabam, har da Hausawa masunta da manoma, waɗanda dā kowa ke ƙauyensa da shehunsa, suka zama maƙwabtan katanga.

An gina gidaje, amma ba a warware maganar wa ke da ikon gona, wa ke da ikon sarauta ba. A watan Yuli 2022 rikici ya tashi a jihar Nil Azraƙ bayan taƙaddama a kan neman da Hausawa suka yi na a ba su masarauta a cikin Idara Ahliyya, aka rasa rayuka sama da 100, dubbai suka bar gidajensu. A watan Oktoba na shekarar wutar ta sake kamawa a yankin Wad al-Mahi, inda wasu daga cikin garuruwan nan masu lamba suke, aka rasa wajen mutum 200 daga ɓangarorin duka. Ba mu kawo wannan don tayar da tsohon miki ba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu baki ɗaya. Mun kawo shi ne don a ga cewa siminti da kwano ba sa haɗa jama'a in an bar maganar ƙasa da wakilci a rufe. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Ba mu kaɗai muka sha wannan ba. A Jamhuriyar Nijar, inda da yawanmu ke da dangi a Maraɗi da Damagaram, an tattara ƙauyuka an kafa ƙananan hukumomi 265, waɗanda 213 daga cikinsu na karkara ne, aka yi zaɓensu na farko a 2004. Can ma babbar gardamar ita ce wane gari zai zama mazauni, amma kowane ƙauye ya ci gaba da riƙe sunansa da mai garinsa. A Nijeriya gyaran 1976 ya kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasar, yawansu ya kai 774 a 1996, Jihar Kano kaɗai tana da 44, kuma kowace an raba ta mazaɓu, kowace mazaɓa da kansilanta. A Tanzaniya, tsakanin 1973 da 1976, gwamnatin Nyerere ta tattara miliyoyin mutane cikin ƙauyukan Ujama'a, da yawa ba da son ransu ba. An sami makarantu da ruwa, amma noma ya ja baya, domin an raba manomi da gonar da ya sani. A Faransa kuwa, dokar 2010 ta ba ƙananan garuruwa damar haɗewa bisa yardarsu, kuma tsohon gari yana iya riƙe sunansa da ɗan ofishinsa da wakilinsa a cikin sabuwar hukuma. Abin da aka gani a duk wuraren nan shi ne, haɗin da aka yi da shawara, aka bar wa kowa sunansa da kujerarsa, shi ya fi daɗewa.

Abin da ya kamata mu yi tun yanzu

Rigakafi ya fi magani. Na farko, kowane ƙauye da kowace unguwa da kowane kambo su rubuta kansu da kansu. A sami littafi, a sa malamin makaranta ko ɗalibai biyu su bi gida-gida su rubuta sunan mai gida, da yawan iyalinsa, da shekarar da gidan ya sauka a wurin. Waɗanda yaƙi ya kora ba su dawo ba tukuna, a rubuta su su ma, kada a ƙidaya ƙauye rabinsa yana Gadarif ko Kasala.

Na biyu, a tattara tsofaffin takardu: rasiɗin haraji, takardar naɗin shehu, takardar izinin masallaci, katin aikin mashru'i, shaidar makarantar iyaye. Waɗanda suka tsira daga wuta da wawaso a ɗauki hotonsu da waya, a aika wa 'yan'uwa biyu ko uku a garuruwa dabam. Da tsohuwar zuma ake magani. A kuma zauna da tsofaffi a ɗauki muryarsu suna faɗin wa ya sari wurin, wa ya ba shi izini, ina iyakar jarfi take. Masana sun riga sun yi mana wani ɓangare na aikin. Mark Duffield ya wallafa littafi a kan Maiwurno a 1981, Farfesa Al-Amin Abu Manga kuma ya wallafa nasa a kan Hausar Sudan a 1999. Amma tarihin ƙaramin ƙauye sai mutanensa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na uku, in an kira taron haɗewa a je, kada a ce maganar manya ce. A tafi da buƙatu a rubuce: sunan kowane ƙauye ya fito a takardar kafa hukumar, a raba kujeru bisa wurare, kowane wuri da tasa ko da ɗaya ce, a rarraba ayyuka, in ofis ya tafi wani ƙauye to makaranta ko shafahana ta tafi wani, a yi awon filayen zama da na noma a gaban masu su kafin a sa hannu, a riƙa karanta lissafin kuɗin shiga da na fita a bainar jama'a. A zaɓi wakilin da ya iya Larabcin ofis, ya kuma iya dawowa ya bayyana wa tsofaffi da mata da Hausa abin da aka yanke. A sa mata cikin tawagar, su ne masu ɗebo ruwa da kai yara asibiti, sun fi kowa sanin nisan hanya.

Na huɗu, a nemi maƙwabta tun kafin ranar taro. Ƙaramin ƙauyen Larabawa da ke ƙarshen iyaka tsoronsa ɗaya da namu, kada a kai komai babban gari a bar shi. In ƙanana suka haɗa baki, lissafin kujerun da muka buga a sama sai ya juya. Waɗanda muka yi jana'iza tare, muka gudu tare, muka raba kisra ɗaya a hanya, ba za su rasa kunnen saurarenmu ba.

Garin Rufa'a kansa ya isa misali. A 1907 Shehu Babikir Badri ya buɗe makarantar 'ya'ya mata a gidansa da yara 17, da kuɗin aljihunsa, a lokacin da hukuma ke ɗari-ɗari da abin. Bai jira an gina masa ba, ya fara, daga baya hukuma ta bi sawunsa. Mu ma littafin ƙauyenmu ba sai mun jira wani ya zo daga Wad Madani ya buɗe mana shi ba.

Muna roƙon masu karatu na Jazira da Sinnar da Nil Azraƙ da su rubuto mana yadda abin yake a wurarensu, ko ƙauyenku yana da lajnarsa, ko an jingina ku da wani, da kuma yadda kuke samun hatimi. Za mu buga wasiƙunku a wannan fili in Allah ya yarda. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa, amin.